Mu Kai Yaranmu Su Ga Kalaba

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Anacha da Inugu, sannunku da zuwa Fatakwal.

An ce in yi bayanin ziyarar da na kai iyalina Kalaba a hutun makaranta. To, ga shi a taƙaice.

Jama'a, da yawanmu mun yi shekara 20 ko 30 a ƙasar nan, amma daga kasuwa sai gida, in salla ta zo sai mu yi Arewa. Yaranmu kuwa nan aka yanke musu cibiya, da 'ya'yan mutanen nan suke karatu, amma ba su san tarihin maƙwabtansu ba. Wanda bai san mai masaukinsa ba, ai har abada baƙo ne.

Daga Fatakwal muka bi ta Aba da Ikot Ekpene, muka haye gadar Itu, muka sauka Bogobiri, unguwar Hausawa. Akwai masallaci, ga tsire, ga shayi, saboda haka kada uwargida ta damu da abin da za a ci.

Washegari muka tafi tsohon gidan gwamna na kan tudu, wanda yanzu gidan tarihi ne. A Birtaniya aka ƙera shi, aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa, aka haɗa a 1884. Daga nan ana hango kogin da aka riƙa fitar da bayi zuwa Amurka ta cikinsa, daga baya kuma manja. Kalaba ce hedkwatar Kudancin Nijeriya kafin a mayar da ita Ikko a 1906, lokacin ko harsashin Fatakwal ba a sa ba.

Nan ne kuma Turawa suka kawo Sarkin Bini, Ovonramwen, bayan sun ci garinsa a 1897, ya zauna har ya rasu a 1914. Na ce wa yara, haka aka yi wa Sarkin Kano Alu, aka kai shi Lakwaja. Kun ga ashe bulala ɗaya ce ta dake mu duka.

Mun ga makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, inda Dokta Azikiwe ya taɓa karatu. Mun kuma ga kabarin Mary Slessor, baturiyar da ta yi yaƙi da kashe tagwaye har ta mutu a 1915. Masu Hassan da Husaini a gida, wannan labari ne da ya kamata su ji.

Shawarata ita ce, kowane reshe ya yi karo-karo a ɗauki shatar mota, a tafi da mata da yara, kwana biyu ya isa. Gani ya kori ji.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.