Igiyar Da Ke Tsakanin Mota Biyu

Yau za mu yi magana a kan jan mota da mota, gama abin ya shafe mu duka, da mai mota da mai jaki.

A Amurka akwai wata babbar mota mai ɗaki a ciki, har da gado da wurin dafa abinci. Masu ita sukan jawo ƙaramar mota a baya, don in sun sauka su shiga gari da ita. Amma ba da igiya suke ja ba. Sandar ƙarfe suke sawa, su ƙara da sarƙa ko da sandar za ta kwance. Kuma sukan haɗa waya, yadda in ta gaba ta taka birki, jar fitilar ta baya za ta kama.

Mu nan kuwa, sai mota ta mutu muke jan ta, galibi da igiya. Mun sha gani a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, balle lokacin bikin kamun kifi, wanda aka fara tun 1934, sa'ad da motoci ke cika hanya.

To, me ya sa sanda ta fi igiya? In inji ya mutu, birki yakan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Ta gaba na tsayawa, sai ta baya ta afka mata. Sanda tana tokare ta, igiya kuwa ba ta iyawa. In ma igiya ta tsinke, takan tsula wa na kusa kamar bulala.

In babu sanda, sai a ɗaura jan tsumma a tsakiyar igiya don kowa ya gani. Fasinja su sauka. Direba ya zauna a ta baya, ya bar makulli a murɗe kada sitiyari ya kulle. A tafi a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Mu mutanen ƙauye, ga namu. In mun ga mota biyu suna tafe kusa da juna sannu sannu, mu dubi ƙasa. Kada mu ratsa tsakaninsu, ko a ƙafa, ko a babur, ko muna kore da jaki ɗauke da shinkafa. Da magariba igiya ba ta ganuwa. Yara ma sukan shiga wannan hatsari, don sukan bi mota da gudu.

Ku tafi gida ku karanta musu wannan, har da waɗanda ba su zo aji ba. Allah ya kiyaye mu, amin.