Daga Ayilan Zuwa Iyakar Jibiya

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muke ƙetare iyakar Jibiya mun san Katsina da Maraɗi ɗanjuma ne da ɗanjummai, ko da yake sun sha yaƙi. Ingila da Faransa ne suka shata layin nan a Landan a 1906, ba da shawararmu ba. Amma dabarar mallakar ba a kanmu aka fara gwada ta ba. Tun wajen 1541 sarakunan Ayilan suka riƙa miƙa ƙasarsu ga Sarki Henry na Takwas, shi kuwa ya mayar musu da ita, sun zama barorinsa. Haka Gwamna Lugga ya yi wa Katsina a 1903: rawani ya zauna, iko ya tashi. A 1906 ɗin ma aka tuɓe Sarki Yero, aka ɗora Dikko.