Shawarar Aboki a Kan Maganin Yaro



Kusan dukkanmu a wannan zaure muna da ƙanne a gida, waɗansunmu kuwa har sun fara ajiye iyali. Idan yaro ya ƙone da ruwan shayi, ko gwangwani ya yanke shi, ko jikinsa ya yi zafi da tsakar dare, ba likita ake fara tambaya ba. Aboki ake tambaya, ko maƙwabciya, ko abokin aiki a ofis. Ba mu ga laifin mai tambaya ba, domin asibiti da nisa, layi da tsawo, aljihu kuma ba nauyi. Maganarmu a yau da wanda ake tambaya ne, gama sau da yawa mu ne. A ƙauyukanmu, da zarar an ce ɗan jami'a ne ya faɗa, magana ta ƙare, ko da kuwa tarihi yake karantawa.

Hujjar aboki kullum ɗaya ce: ya ba ɗansa, kuma ya warke. Amma ɗansa ba ɗanka ba ne. Mu ɗauki farasitamol, wanda ba gidan da ba a san shi ba. Ana auna wa yaro shi ne da nauyin jikinsa, watau miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kuma ba a wuce sau 4 a yini da dare. Yaro mai kilo 10 ke nan abin da ya kamace shi bai wuce miligiram 150 a sha ɗaya ba, alhali ƙwayar manya miligiram 500 ce. Aboki ya ce a ba shi cokali biyu. Wane cokali? Na shayi ko na cin shinkafa? Sa'an nan magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai a haɗa wa yaro biyu ba a sani ba. Idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma ɓarnar ba ta fitowa sosai sai bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta da wanda ya ba da shawarar.

Asfirin kuwa bai kamata ma ya kusanci yaro ba sai da umarnin likita. Tun 1963 wani likita a Ostireliya mai suna Douglas Reye ya bayyana wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, daga baya aka gano tana da alaƙa da ba yara asfirin lokacin mura ko ƙarambau. A Ingila, tun 2002 aka hana ba wanda bai kai shekara 16 ba. Mu kuwa nan garin Alabukun, wanda akwai asfirin a cikinsa, ana iya ɗibar wa yaro kaɗan a ruwa don wani ya ce yana da kyau.

Har ila yau shawarar aboki tana tsufa ba tare da ya sani ba. Wanda ya girma da kulorakwin zai rantse da shi, alhali tun 2005 Nijeriya ta sauya shi da magungunan haɗi da ake kira ACT, saboda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin sa. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini tukuna kafin a ba da magani, don ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Lalle mu tuna da My Pikin, maganin fitowar haƙori wanda daga ƙarshen 2008 ya hallaka yara 84 a ƙasar nan, saboda wata guba mai kashe ƙoda da aka samu a cikinsa. Laifin na masu haɗa shi ne, ba na iyaye ba. Sai dai abin lura shi ne, fitowar haƙori ba cuta ba ce. Zawo da zazzaɓi mai tsanani da muke jingina wa haƙori suna da nasu dalilin, kuma shi ya kamata a nema.

To, mu komo kan rauni, inda shawara ta fi yawa. A kan ƙuna mun ji man goge baki, mun ji ɗanyen ƙwai, da manja, da baƙin mai, da toka. Duk ba ɗaya daga cikinsu da ke fitar da zafin da ke ci gaba da cin nama, sai dai su kai datti, su kuma wahalar da mai wankin ciwon a asibiti. Abin da ake bukata yana nan cikin randa: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara, kada a fasa bororo, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Minti 20 da tsawo ga uwar da ɗanta ke ihu, kuma a nan ne aboki na gari ke da amfani, ya riƙe yaron, ya duba agogo. Idan ƙunar ta taɓa fuska, ko hannu, ko al'aura, ko ta fi tafin hannun yaron girma, sai asibiti.

Yanka kuma a danne shi da ƙyalle mai tsabta kamar minti 10, a wanke da ruwa da sabulu. Ƙasa ko kashin shanu da waɗansu ke shafawa su ne mazaunin ƙwayar tetanus, watau sarƙe-haƙora. Fasa kafso ja da rawaya a barbaɗa garinsa ba ya maye gurbin wanki. Cizon kare, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Akwai kuma kananzir da ake ajiyewa cikin kwalbar lemo, yaro ya ɗauka ya kurɓa. Nan da nan sai a ce a ɗura masa manja ya yi amai. Wannan shawara tana kisa, domin haɗarin kananzir ba a ciki yake ba, a huhu yake, kuma amai ne ke kai shi can. Kada a sa shi amai, a cire masa rigar da ta jiƙe, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta gayyaci 'yan'uwanmu na sashen koyon likita da na haɗa magunguna, su ware mana yammacin Asabar ɗaya kafin hutu, su koya mana taimakon farko a aikace, da yadda ake karanta takardar da ke cikin kwalin magani, da duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai lalace. Masu 'ya'ya a cikinmu su zo da katin awon yaransu.