Kafin a Sauke Giya: Jawabi ga Masu Tsofaffin Motocin Gas

Jawabin nan na masu tsofaffin motocin gas ne da makanikai, musamman na Hausari da kewayen Kasuwar Monday a Maiduguri. Sau da yawa, da zarar mota mai canza giya da kanta ta soma fizga, sai a ce a sauke akwatin giya. Aikin nan yana cin kuɗi ƙwarai, alhali kuwa ciwon yakan kasance a waje, inda hannu ke kaiwa.

Abin da za a fara dubawa shi ne man giya. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri bayan ta yi zafi, inji yana aiki, sandar giya tana kan P, sannan a zaro ma'aunin. Lafiyayyen mai ja ne, garau. In ya yi ƙasa, mota takan yi nawar tashi, inji ya yi ta ruri ba gudu. In ya yi duhu yana ƙauri, faifan ciki sun soma ƙonewa. Zafin Afrilu a Barno, da kan wuce digiri 40, yana gaggauta haka. In kuwa ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko ta lagireto ko daga waje. Duk motar da ruwa ya shanye sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, wajibi ne mai sayenta ya duba wannan.

Sai maganar iska, wadda ita aka fi mantawa. Misali, Marsandi 240D da 300D, ƙirar da aka fara a 1976. Injin fetur yana zuƙar iska da kansa, giya ta gane nauyin da yake ja. Injin gas ba haka yake ba, saboda haka aka sa masa famfo na musamman, da siraran tiyo da ke kai zuƙar har akwatin giya. Zafi da tsufa sukan tsattsage robar mahaɗarsu. Da zarar iska ta sami ƙofa, kowace giya sai ta shiga da duka, kamar an bangaji motar ta baya. Motar ma takan tona asirin kanta: zuƙar nan ce ke kashe inji, ita ce kuma ke kulle ƙofofi. To, in an murɗa makulli inji ya ƙi mutuwa, ga giya tana duka, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Guntuwar roba takan gama maganar.

Amma idan mai ya cika, tiyo lafiya, duk da haka ribas yana daɗewa bai kama ba, a kwance farantin ƙasa a duba. In an tarar da ɓarɓashin ƙarfe a ciki, sauke giya ya zama dole. Mai mota ya nemi a nuna masa ɓarɓashin da idonsa kafin a yi ciniki.