Albasar Galmi da Tukunyar Zango: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

   

Yau za mu fara maganarmu daga kasuwa, don can muka fi sani. Yawancin albasar da muke ci a Ankara da Kumasi daga Nijar take zuwa, musamman ta Galmi a yankin Tawa. Kafin ta iso tukunyarmu, ta ciyar da manomi, da direba, da yaron mota, da dillali, da ɗan dako, da uwar marayu mai kasa ta a bakin hanya.

A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar. ECOWAS ta saka takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ƙasar. Motocin kaya suka yi layi a bakin iyaka, albasa kuwa ba ta jiran sulhu, ruɓewa take yi. Kuɗinta ya tashi a nan. Mu da muke rabon taimako mun ga abin da ido: magidantan da ba su taɓa roƙo ba suka riƙa zuwa bayan isha'i, don kada maƙwabta su gan su. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Ba mu zo yanke hukuncin wanda ke da gaskiya ba. Abin da muka gani shi ne, an yanke shawara a Abuja da Yamai, an kwana da yunwa a Nima da Aboabo.

Dattawanmu sun san wannan tun da daɗewa. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, zangonni da yawa suka watse. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo da jakunkuna a ka. Alhali tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan yankin zai iya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza.

A 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 da ake son cimma kafin 2030: kawar da talauci da yunwa, samar da ilimi, lafiya, ruwa mai tsabta da sauransu. Na 17 shi ne haɗin kai tsakanin ƙasashe, kuma a cikinsa akwai sharaɗin cewa dokokin gwamnati su tafi tare, kada wata ta rushe abin da wata ta gina. Nan ne ake yawan faɗuwa. A Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki ba shinge ta Afirka. A watan Agusta ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Mu ma a nan, hedikwatar wannan yarjejeniya a Ankara take, amma a shekarun nan aka riƙa kulle shagunan 'yan Najeriya, saboda dokar 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu ƙananan sana'o'in kasuwa, ta kuma ce baƙon da zai yi ciniki sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya. Kowace doka tana da hujjarta. Amma idan aka haɗa su, ɗan kasuwa bai san wadda zai bi ba, kuma talaka ne ke biyan kuɗin ruɗanin.

To, 'yan'uwa, kafin mu nuna wa gwamnatoci yatsa, mu dubi kanmu. Da azumi, ƙungiyoyi uku suna kai shinkafa gida ɗaya don yana kusa da masallaci, gidan da ke can lungu ba wanda ya leƙa. Muna haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka, ba mu ware ko sisi na gyara ba, bayan shekara biyu ta mutu. Muna biya wa yarinya kuɗin makaranta, sannan mu yi shiru idan an cire ta za a yi mata aure. Ciwon da muke gani a manyan ƙasashe, shi ne a unguwarmu.

Saboda haka muna roƙon abubuwa huɗu. Na farko, ƙungiyoyin taimako na kowane zango su riƙe littafi ɗaya na mabuƙata, a hannun liman da amintattu, a rufa wa mutane asiri. Na biyu, duk aikin da za a yi, a saka kuɗin gyaransa tun farko. Na uku, kowane gida ya nemi takardar haihuwa ta yaransa da katin Gana, wanda ba ɗan ƙasa ba ya gyara takardar zamansa. Darasin 1969 ya ishe mu. Na huɗu, sarakunanmu da shugabannin 'yan albasa, da 'yan shanu, da direbobi su je wurin 'yan majalisarmu da murya ɗaya, su ce ko an yi rigimar siyasa, a bar hanyar abinci da magani a buɗe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga da amana tun ba a shata waɗannan iyakoki ba. Allah ya haɗa kan shugabanninmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu.