Ɗinkin Jiki da Yadda Sanƙarau Ke Warware Shi

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, wannan magana haka take har a cikin jikin ɗan Adam da na dabba, kuma hakimin da ya fahimce ta ya fahimci asalin ciwon sanƙarau.

Da mutum da saniya da akuya duk an gina jikinsu ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda akan gina soro da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Amma tubali ba ya tsayuwa sai an haɗa shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A cikin 1963 waɗansu masana biyu a Amurka, Marilyn Farquhar da George Palade, suka duba hanjin dabbobi da madubi mai ƙarfi ƙwarai, suka bayyana yadda ƙwayoyin nan ke riƙe juna.

Manyan hanyoyin riƙon nan uku ne. Ta fari kamar maɓalli take, tana ɗaure ƙwaya da maƙwabciyarta. Ita ta sa fata takan jure ja da guga ba ta yage ba. Ta biyu 'yar kafa ce tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kamar ƙofar da maƙwabta kan huda a katanga don a riƙa miƙa wuta. Ta nan saƙo ke ratsa naman zuciya, har ƙwayoyinta su motsa tare, ta buga. Ta uku kuwa ɗinki ne matsattse wanda ya kewaye kowace ƙwaya, har ruwa ba ya wucewa sai da ƙa'ida. Shi ke tsare ƙazantar hanji kada ta malala cikin jini.

Ɗinkin nan ya yi ƙarfi ƙwarai a jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Tun wajen 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya zuba rini a jinin dabbobi, sassan jiki suka rinu, ƙwaƙwalwa ba ta rinu ba. Watau Allah ya yi mata ganuwa.

Ƙwayar cutar sanƙarau takan zauna a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu kome ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Amma daga lokacin hunturu zuwa bazara, ƙura da busasshiyar iska sukan raunana cikin hanci, sai ta sami hanyar shiga jini. In ta isa jijiyoyin kai, sai ta manne da bangonsu, ta janye zaren ɗinkin daga wurinsa, ta kutsa cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya. Jariri kuwa maɗigarsa takan kumbura. Tana iya kashe mai lafiya a kwana ɗaya. Cikin 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa.

Saboda haka ga abin da ake roƙon hakimai. Su gargaɗi dagatai da masu unguwa, duk wanda aka ga wuyansa ya sanƙare a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya turare ko ƙaho, gama ganuwa ta riga ta fashe. Su hori jama'a da rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar tagogi a buɗe. Malamin hakimi ya rubuta ƙauye da rana da shekarun kowane majinyaci, ya aika wa ma'aikatan lafiya ba da jinkiri ba.

Sa'an nan akwai rigakafi. Allurar da aka soma a Nijar cikin 2010, da Nijeriya cikin 2011, ta karya ƙarfin iri guda na cutar. Cikin 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa soma wata sabuwa mai tsare iri biyar. Amfaninta shi ne jini ya kashe ƙwayar tun ba ta isa ɗinkin ba. In masu allura sun sauka a gari, talakawa sukan duba gidan hakimi tukuna. In 'ya'yansa suka fara miƙa hannu, sauran za su biyo.

Allah ya ƙara wa ƙasa lafiya, amin.