WANDA BAI IYA TSAYAWA BA, BAI IYA BABUR BA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa, makaniken babura da ya daɗe a cikin sana'ar, ya gabatar wa matasa a wani zama da aka yi bayan sallar Isha'i a wata makarantar Islamiyya da ke Kano. An gayyato shi ne ganin yadda samari da yawa ke sayen babur ko aron na yayyensu, su shiga titi ba tare da kowa ya koya masu ba.

Bayan ya gode wa Allah (T), ya yi salati ga Manzo (S), mai jawabin ya fara da cewa akasarin samarinmu yini guda suke koyon babur. Aboki ya ɗora ka, ya nuna maka totur da giya, ka zagaya fili sau uku ba ka faɗi ba, shi ke nan wai ka iya. Ya ce tayar da babur a tafi ba wani abu ba ne, yaro ɗan shekara 10 ma zai yi. Aikin yana wajen tsayawa, lokacin da akuya ta faɗo titi ko mai mota ya buɗe ƙofa a gabanka.

Daga nan sai ya shiga bayanin babur ɗin kansa. Hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba, hannun hagu kuloci, ƙafar hagu giya, ƙafar dama birkin baya. Ya ce mai koyo ya hau babur a kashe, yana kan jaki, ya yi ta taɓa waɗannan har hannunsa da ƙafarsa su san wurinsu ba sai ya duba ba. Kuma ya tambayi yadda giyar babur ɗin take, don ba duka ne iri ɗaya ba. A wani, ta ɗaya ƙasa ake takawa, sauran a ɗaga sama. A wani kuwa duk gefe guda suke tafiya. Irin wanda ake kira roba-roba ma ba shi da kuloci a hannu. Wanda ya saba da Jincheng ya ɗauki Boxer ko Honda bai tambaya ba, yana iya neman giya ta uku ya faɗa ta ɗaya.

Ya daɗe a kan kuloci. Ya ce in ka sake shi a hankali akwai wani wuri da za ka ji babur ya fara ja, ƙarar injin ta ɗan sauka. Nan ne za ka dakata da hannunka, ka ƙara wuta kaɗan, sannan ka ƙarasa saki. Wanda ya sake shi gaba ɗaya, ko dai inji ya mutu, ko babur ya zabura da shi. Kuma in ya zabura, jikin mutum baya yake yi, hannunsa ya ƙara murɗa totur bai sani ba, sai a ji shi a jikin katanga. Maganin wannan shi ne ka damƙe kuloci. Da zarar ka damƙe shi, ko injin yana ihu, ƙarfinsa ba ya isa taya.

Da ya zo kan birki sai ya tambayi mahalarta, su nawa ne aka ce masu kada su kuskura su taɓa birkin gaba? Hannuwa da yawa suka tashi. Ya ce wannan ita ce muguwar huɗubar da ta fi karya mutane. Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayar da babur a birkin gaba yake, domin in ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau. Mai dogaro da na baya kaɗai, ja kawai tayar za ta yi ta yi a kan kwalta har ya isa ga abin da yake gudu. Abin da ya sa ake tsoron na gaba shi ne masu cafkarsa da ƙarfi lokaci guda, ko a cikin kwana, ko a kan yashi, kuma lallai a nan yana kayarwa. Ana matsa shi ne a hankali a ƙara, tare da na baya, babur yana miƙe. Ya ce a sami fili, a ja layi a ƙasa, a yi ta gwada tsayawa a kansa kwana da kwanaki kafin a doshi titi. Babura da yawa da ake kawo masa gyara, sai ya tarar an sassauta birkin gaba da gangan, an kuma cire madubai wai don babur ya yi kyau.

Ya kawo wani lissafi da ya sa wurin ya yi tsit. Mai gudun kilomita 60 a awa, kusan mita 17 yake ci a kowace daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. Sannan in ka ninka gudu daga 30 zuwa 60, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Don haka a rage gudu tun kafin a shiga kwana, kuma ido ya kalli inda ake son zuwa, domin wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai faɗa.

Game da manyan motoci, tirela da tanka da tifa, ya ce ƙa'idar gajeriya ce: in ba ka hango madubin direba ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka kutsa tsakanin tirela da bakin titi a wajen kwana ko shataletale, saboda tayoyinta na baya suna yanke kwanar ne, su bi ta daidai inda kake tsaye. Ya kuma ja hankali a kan ruwan farko na damina, wanda ke taso da man da ya daskare a kwalta, da hazon hunturu da ke sa a kunna fitila ko da rana.

Sai maganar hular kwano, wadda a nan ne aka fi gunaguni. Ya tuna cewa a watan Janairun 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (wadda aka kafa a 1988) ta fara tilasta sa hular, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka a nan Kano, labarin ya zagaya duniya ana dariya. Amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta ambatawa ya nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Ƙafa in ta karye, a Asibitin Ƙashi na Dala ana ɗora ta. Kai fa? Ya ce a ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa, don hular da ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita tashi. Irin ta leburorin gini kuwa ba ta babur ba ce.

Haka nan silifas ba takalmin hawa babur ba ne. Babbar riga da doguwar jallabiya a tattare su. Wanda zai goya mahaifiyarsa ko iyalinsa, ya tabbatar an tattara hijabi da zani kafin a tashi, domin sarƙa ko tayar baya in ta kama mayafi, ta wuya take fizgo mutum. A kuma nuna wa yara salansa. Shi a ra'ayinsa ma, mai koyo bai kamata ya yi goyo ba sai ya yi watanni yana hawa shi kaɗai, tunda nauyin mutum na biyu yana sauya yadda babur ke kwana da yadda yake tsayawa.

A nan ne muryarsa ta sauya. Ya ce 'yan uwa su sani, wanda ya kaɗe mutum ya mutu saboda gangancinsa, ba zai ce ƙaddara ce ya kaɗe rigarsa ya tafi ba. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar da a yau take komawa azumin wata biyu a jere, kuma ya ce a koma ga malamai don jin tafsilin hukuncin. To ina ga masu sakin hannu da ɗaga taya a wajen rakiyar amarya, a cikin lungu cike da yara? Ko masu shan ƙwaya wai don kada su gaji? Addu'ar hawa abin hawa a yi ta, a kuma duba birki, da iskar taya, da baƙin mai, da sarƙa kafin a buga kik.

Kan doka, ya ce lasisin babur shi ne rukunin A, kuma sai an cika shekara 18. A yi lamba, a yi inshora. Masu niyyar sayen babur don haya su fara binciken dokar garinsu, domin an hana acaɓa a cikin birnin Abuja a 2006, a Kano kuma a Janairun 2013, wasu jihohin ma sun bi sahu. Kada mutum ya ci bashi ya sayi abin da za a ƙwace.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya ce, Malam, in an tarar da haɗari me ya kamata a yi? Ya amsa da cewa a fara tare hanya don kada wata motar ta ƙara bi ta kansu. Kada a fizge wa wanda ya faɗi hularsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ɗura masa ruwa, saboda in ƙashin wuya ya taɓu, juyi ɗaya na iya shanye masa jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.

Wani kuma ya tambaya a kan sayen na hannu. Ya ce ba laifi, mai koyo ma gara ya fara da ƙaramin babur na hannu mai inji 100 ko 125, tunda faɗuwar farko ba ta da makawa ga akasarin mutane. Sai dai a tafi da makanike, a karɓi rasit na asali, a gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke rubuce a takarda, a yi cinikin gaban shaidu. In mai sayarwa ya ce takardun sun ɓata amma zai rage kuɗi, a bar masa kayansa.